Kamu Uku da Taƙi Ɗaya

A shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, wadda a cikinta rana ta yi husufi da hantsi har kaji suka nufi akurki, ina da shekara goma sha biyu. Ranar husufin, yayin da manya suka ruga masallaci, mata kuma suka ajiye ƙwarya da ruwa a tsakar gida suna leƙen rana a ciki, ni da yayana Habu muna bayan wata motar itace a hanyar dawowa daga Funtua, mun rungume gawar wani babur mai ƙafa huɗu. Habu ne ya hango shi a tarin 'yan gwangwan, ya ba da kekensa aka ba shi. An ce na wasu ma'aikatan gona ne da suka zo suka tafi tun tuni. Babu inji a jikinsa, babu wurin zama, tayoyin baya ma an cire. Abin da ya rage kawai ƙarafan gaba ne, da kan da ake juyawa, da tayoyi biyu masu kauri kamar na 'yar tarakta. Gari ya yi duhu-duhu muna tsakiyar hanya, direba ya tsaya yana salati, Habu kuwa ko sama bai ɗaga ido ya kalla ba, yana ta shafa tayar nan.

Ƙauyenmu yana wajen Tsiga, gonarmu kuma tana ƙetaren wani kwazazzabo mai zurfi wanda ba a tsallakawa sai ta wata siririyar gada ta siminti da mutanen gari suka zuba da aikin gayya. A kakar da ta wuce jakinmu ya mutu, ga taki ya taru a bayan gida kamar tsauni, kuma dole ya isa gona kafin ruwan shuka. Habu yana da shekara goma sha bakwai, ba shi da buri a duniya sai ya tafi Funtua koyon kanikanci, Baba kuma, Allah Ya jiƙansa, yana ganin babu mai riƙe masa garma in ya tafi. Da ya ga abin da muka sauke a ƙofar gida sai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “In wannan tarkacen ya kai min taki gona kafin ruwan farko, ka tafi da albarkata. In bai kai ba, kada in sake jin zancen Funtua.” Baba ba ya magana biyu, mu duka mun san haka.

Muka kafa sansani a gindin mangwaron bayan gida. Da asuba in tafi makarantar allo, in dawo in ɗebo ruwa, in zuba wa tumaki harawa, sannan in tarar da Habu ya riga ya baƙanta da maiƙo. Injin ban ruwan Baba muka ɗora, tun da an gama aikin fadama. Tayoyin baya na wata tsohuwar Besfa ne, mazubin taki rabin duro, wurin zama kuwa kujerar tsakar gida ce da Inna ta yi kwana biyu tana cigiya. Babu abin da ya zo da sauƙi. Bel ɗin da muka samo wurin mai injin niƙa ya dinga zamewa, muka shafa masa ƙaro, ya kama na yini ɗaya ya tsinke. Muka koma sarƙar babur, ita kuma ta dinga tsalle tana faɗuwa, sau ɗaya ta tsaga wa Habu ɗan yatsa har sai da Inna ta ɗaure masa da tsumma tana faɗa. Kusoshin da muke da su ba su shiga ramukan da muke da su. Abin da muka ɗaure da safe, da la'asar mu kwance. Samarin gari suna wucewa da jakunansu da mangala cike, suna tambaya ko motar tana karɓar fasinjan Legas, har suka raɗa mata suna Sai-an-tura. Kullum kuma da yamma sai mun dubi gabas, don an fara jin ƙanshin hadari daga nesa.

Abin da ba mu iya yi da hannunmu ba shi ne sandar ƙarfen da za ta riƙe tayoyin baya, wannan sai mai walda. Habu ya aike ni in auno faɗin gadar, don kada motar ta fi ta. Na je na durƙusa a kan siminti mai zafi, na kafa gwiwar hannu, na miƙa yatsu, na yi alama da dutse, kamar yadda na ga Baba yana auna igiya. Sau uku na maimaita don kada in yi kuskure. Kamu uku ne da taƙi ɗaya, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Na rubuta da ajami a takardar buhun siminti, na ninke na sa a aljihu, ina jin kaina babban mutum.

Mai waldar Tsiga Malam Yohanna ne, abokin Baba tun suna yara, mu kuma Baba Dogo muke ce masa, domin sai ya sunkuya yake shiga shagonsa. Habu ya karanta masa awon, suka yi shawara a bar taƙin nan a matsayin rara, a yanka kamu uku cif. Baba Dogo ya shimfiɗa ƙarfen a ƙasa, ya kafa tasa gwiwar hannun, ya miƙa nasa yatsun, sau uku, ya ja layi da alli. Ina tsaye ina kallo, sai na ga kamunsa ya fi nawa tsawo nesa. Da suka juya neman zarto, na durƙusa a ɓoye na bi ƙarfen da hannuna, na ga ya kusa kamu huɗu. Ba a yanka ba tukuna. Maganar tana bakina. Amma a gidanmu yaro ba ya sa baki manya na magana, balle ya ce wa sa'an ubansa awonsa bai yi ba, kuma Baba Dogo bai daɗe da shafa kaina ba yana cewa, “Ɗan Malam, Allah Ya yi albarka, ga natsuwa.” Na ce a raina wataƙila manya sun san abin da ban sani ba. Na haɗiye, aka yanka.

Ranar gwaji rabin gari ya fito. Injin ya tashi a ja na huɗu, sarƙa ta zauna, Sai-an-tura ta motsa ba tare da an tura ba, da taki cike da duro, Habu a kan kujerar Inna yana dariyar da ban taɓa ganin ya yi ba. Ta bi burtali, ta haye kunyoyi, ta ratsa yashi kamar ba komai, yara suna bi da ihu. Ni kaɗai nake tafe a baya, idona a kan tayoyin baya. Tayoyin gaba suka hau gada lafiya lau. Na baya suka zo, ɗaya ta hau, ɗaya ta tsaya a kan iska, motar ta karkata, taki ya zube cikin kwazazzabo, da ƙyar maza huɗu suka riƙe ta Habu ya dira. Ya tsaya yana kallon gadar, yana kallon ƙarfen, sannan ya kalli hannuna, ya dafe kai. Baba bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “Wanda bai san hannun yaro da na babba ba ɗaya ba ne, shi zai buɗe injin mutane?”

Habu bai karaya ba. Muka kwance ƙarfen muka koma Tsiga a rage shi, muka tarar babu wuta. Muka koma washegari, babu. Muka yi ta sintiri har aka ce Baba Dogo ya tafi aiki Malumfashi. Kafin ya dawo, wata Alhamis da azahar hadari ya haɗo, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, manoma suna hamdala, Habu yana zaune a gindin mangwaro ruwa na dukansa. Baba ya cire injinsa. Sauran takin da ka Habu ya kwashe shi, buhu-buhu, ya hana ni taɓawa, wai laifinsa ne da ya aiki yaro. Bai sake ambaton Funtua ba. Ni aka tura karatu can daga baya.

Bazarar bana na je gida, muna zaune a ƙofar gidan Habu yana gyara wa wani maƙwabci injin feshi, furfura ta fara masa a gemu. Ban shirya ba, sai kawai na ji ina faɗa masa cewa na auna ƙarfen nan kafin a yanka, na gani, na yi shiru. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ajiye sifana, ya ce, “Kafin a yanka?” Na ce kafin a yanka. Ya tashi ya shige gida, bai fito ba sai bayan la'asar, da buhu a hannu. Ya jefo min, ya ce, “Gobe in an sauko daga asuba. Da ka, Malam, ba da keke ba.” Kwana uku ina jigilar taki daga bayan gidansa zuwa gona, 'ya'yansa suna bina suna ƙunshe dariya, wuyana kamar zai karye. A rana ta uku ya tare ni a hanya ya sauke min buhun da kansa, ya ce, “Ya isa haka. Na yafe, duniya da lahira.”

An faɗaɗa gadar tuntuni, kekuna masu ƙafa uku suna wucewa a kanta da kaya har sama. Yaran garinmu yanzu da tef suke awo, kuma suna iya duban babba su ce masa ya yi kuskure. Wani lokaci abin yana ɓata min rai, wani lokaci kuma in ce ina ma ni ne. Shiru ma kaya ne, kuma ba kullum wanda ya yi shi yake ɗauka ba.