Kwat ɗin Ɗan Leƙen Asiri

Har gobe ba zan manta da makon da silima ta kusa raba ni da almakashina ba. Ana saura shekara guda a sami 'yancin kai ne, ina mai yanka a shagon Baba Salifu cikin Zango. Ku da kuka shigo sana'ar ɗinki jiya-jiya ku sani, mai yanka shi ke auna yadi ya tsaga. In ya kuskure, ba telan da zai gyara.

Wani direban motar goro, Mumuni, ya kawo yadi mai tsada daga unguwar Bantama. Aurensa ranar Juma'a, kuma ya rantse sai kwat irin ta ɗan leƙen asirin da ake nunawa a silima. Baba bai taɓa taka silima ba. Ya miƙo mini takarda da fensir, ya ce in je nunin rana in zano wuyan rigar da maɓallanta.

"Idi, yadin nan guda ne. Ka ɓata shi, ka ajiye almakashi."

Na je. Wayyo! Mutumin nan ya diro daga jirgin ƙasa, ya ɓuya cikin ganga, ana harbinsa yana gyara hula, ga wata mata tana ta yi masa daɗin baki. Na dawo da takarda fara fat.

"Maɓalli nawa?" in ji Baba.

"Baba, ashe matar nan ce ta sayar da shi!"

Sau uku ina zuwa, sau uku ina dawowa da labari. Ranar Laraba ya ce ni sakarai ne, ya naɗe fuska da rawani don kada a gane shi, ya tafi da kansa. Da ya dawo na gaishe shi da ladabi, na ce, "Baba, yaya wuyan yake?"

Ya kwance rawanin, ya ce, "Matar nan ba ta tsoron Allah."

Haka na yanka da ka, wallahi. Ranar Alhamis Mumuni ya saka, ya ɗaga wuyan har kunne, ya harari madubi ta gefen ido.

"Ei, massa, maigida! Ita ce sak!"

Ashe shi ma bai taɓa ƙirga maɓallan ba. Tun daga nan, in mutum ya ce in yi masa rigar wane, nakan fara tambayar kaina wa yake so ya gani a madubi, sannan in ɗauki tef.