Gwangwani Uku na Kawu Sale

Ina kasuwar Gadau ranar da aka kira ni a waya. Muryar Inna Dije ce, matar kawuna. Ta ce, "Habu, Kawunka ya cika." Na ce wane Kawun, alhali shi kaɗai gare ni. Har na hau mota zuwa Azare ban gane abin da kunnena ya ji ba.

Kawu Sale mai renon dashe ne a bayan gidansa: mangwaro, gwaiba, lemo, a cikin ledoji. Tun da na bar firamare nake aiki tare da shi. Mutum ne marar gaggawa. Wata rana wani ma'aikaci ya kawo masa takin buhu na kanti, ya ce wannan kowace shuka yana yi mata. Kawu ya damƙa, ya shinshina, ya ce, "Ranka ya daɗe, kai da jaririnka tuwo ɗaya kuke ci?" Mutumin ya yi dariya, ya tafi da mangwaro biyu kyauta.

Taki tsibi uku yake tarawa. Ɗaya mai sanyi, ganye da kashin shanu da suka ruɓe sarai, na ƙananan dashe. Ɗaya mai kashin kaji da yawa, na manyan itatuwa, domin yana ƙone saiwar ƙarami. Na uku wanda bai gama nuna ba. A idona duk baƙaƙe ne, duk warinsu ɗaya. Shi ma bai yarda da idonsa ba. Sai ya ɗebi kowanne a gwangwanin madara, ya shuka wake, ya ajiye gwangwanin a gindin tsibinsa. Yakan ce, "Ni ban sani ba, Habu. Bari mu tambayi wake."

Kwana biyu kafin rasuwarsa ya shuka na ƙarshe. Ranar zaman makoki mutane suka cika gida, aka ce a shimfiɗa tabarmi a baya. Ni da hannuna na kwashe gwangwanayen na jera su jikin katanga, ban lura da wanne ne na wane tsibi ba.

Bayan sadakar bakwai na je na duba. Ɗaya ya fito kore shar, ɗaya rawaya a lanƙwashe, ɗaya ko tsiro babu. Wake ya ba da amsa, ni kuma na ɓatar da tambayar. Ga ƙananan mangwaro sun isa sawa a leda, kuma da kuɗinsu Inna da yara za su ci abinci bana. In na ɗebo mai zafi, sun ƙone duka.

Na ce, "Inna, wanne ne na ƙananan?"

Ta ce, "Kai da kake bin sa kullum kana tambaya ta? Ni shayi nake kai masa."

Wani maƙwabci ya ce na tsakiya ne, wani ya rantse na gabas ne. Na yi tsaye ina kallon tsibi uku, na rasa ma abin da nake wa kuka.

Sai Inna ta fito da wake a tafin hannunta. Ta ce, "Ai bai tafi da shi ba."

Na sake shukawa, kowane gwangwani a gindin tsibinsa, na hana kowa taɓawa. Jiya na tsibin yamma ya fito kore. Wanda ba wanda ya ambata.

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa. Allah Ya ba Inna Dije haƙuri, Ya raya abin da ya bari, na ɗaka da na bayan gida. Amin.