Mikail, Wanda Bai Gajarta Adireshin Zaurena Ba

Kafin komai ga tambaya gare ka, mai karatu, don ni ko a zaman makoki bakina ba ya iya hutawa. Wane ne wannan: a karkace yake tsayawa kamar tsohuwa mai ciwon baya, shi ke shiga gaban baƙo ya sa mai tsaron ƙofa ya ba shi hanya, amma da baƙon ya isa masauki sai a nemi ɗan rakiyar a rasa? Riƙe ta a ranka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab, wadda ta zo daidai da sha huɗu ga Janairu, 2025, Allah ya karɓi ran Injiniya Mikail Abdussalam na nan Mandawari, bayan jinyar kwana tara. Shekarunsa arba'in da ɗaya. Ina tankaɗe gari aka shigo aka faɗa mini, na ajiye rariyar, ban san wanda ya ƙarasa ba.

Mikail, kai jikan aminiyata Hajiya Zuhra ne, don haka tun ranar sunanka na ce na yi miji. Shekara arba'in ina yi maka gorin ramewa, ina cewa ban taɓa ganin maigidan da malmala ɗaya ke gagara ba. Ba ka taɓa ramawa ba, sai dai ka gyara tabarau ka ce, "Hajiya Indo, a yi haƙuri da ni." Duk salla sai ka kawo mini alkakin gidanku, irin wanda kakanninku suka zo da shi daga arewacin Sahara. Kai ka ƙara wa wayata ƙara da kunnena ya yi nauyi. Amma abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne maganar zaure.

Shekara uku ke nan jikata Bahijja ta gama karatun kwamfuta, ta ce za ta buɗe shagon buga takardu a zauren gidanmu. Baffanta Abdulmalik, ɗana, a nan yake jibge dilolin yadi. Da ƙyar ya kwashe, da sharaɗin idan aikin farko ya gagare ta, yadinsa zai dawo, ita kuma ta koma cikin gida ta zauna. Aikin farkon shi ne takardun jarrabawar wata makaranta a Ƙofar Mazugal, za a karɓa ranar Alhamis. Ta samo kwamfuta uku da tsohuwar firinta ta hannu, aka haɗa su, komai yana tafiya.

Ranar Litinin na leƙa. Bahijja ta nuna mini wani gurbi a kwamfuta inda ake rubuta wurin da firintar take, an sa "shago" kawai. Na ce wane shagon? Mu a cikin birni ba a kwatance da kalma ɗaya. Baƙinmu kullum gidan Talatu mai koko suke faɗawa, ita kuma sai ta sayar musu da koko kafin ta nuna musu hanya. Na tsaya a kan yarinya sai da ta rubuta yadda ake faɗa: Zauren Hajiya Indo, Mandawari, bayan masallacin Malam Ɗantani, lungu na biyu (ba gidan mai koko ba).

Washegari firinta ta ɓata. Ga ta nan a kan tebur, fitilarta a kunne, amma kwamfutocin uku duk suka ce ba su san da ita ba. Bahijja ta cire wayar firintar ta mayar, ta kashe ta kunna, ta kira wanda ya sayar mata, ya rantse lafiya ya ba ta. Ita ko kaɗan ba ta kawo kwatancena a ranta ba. Ni na kawo, amma na ja bakina na yi ta jan carbi. Abdulmalik ya fara aunar bangon zaure da ido, har ya yi wa masu tura kurar kaya magana su zo Juma'a su dawo da yadinsa. Ranar Laraba na tarar da Bahijja a bayan ƙofa tana share hawaye da bakin mayafi, sai na aika a kira ka.

Ka zo bayan azahar daga wurin aikinka, ko abinci ba ka ci ba. Ka duba kaɗan, na ga kafaɗarka tana rawa don dariyar da kake dannewa. Ka ɗago ka dube ni ta saman tabarau, na kau da kai. Abdulmalik ya tambayi wanda ya lalata na'urar. Ka ce masa babu wanda ya lalata ta, tsufa ne, akwai abin da ya kamata ta riƙa yi da kanta ba ta iya ba.

Da ya tafi kasuwa ka zaunar da ni ka yi mini bayani, kamar ni ma injiniya ce. Ka ce firinta shela take yi wa kwamfutoci: ga sunana, ga aikina, ga inda nake. A yarensu waƙafi yana nufin an gama wannan batu an shiga wani, baka kuma yana buɗe magana ko ya rufe ta. Da suka ji kwatancena da waƙafi uku da baka biyu a tsakiya, sai suka ɗauka shirme ne, suka watsar da shelar gaba ɗaya.

Bahijja ta ce to a goge, a mayar da "shago". Ni ma na sunkuyar da kai na ce a goge.

Ka ce, "A'a. Maganar Hajiya daidai take, na'urar ce za mu koya wa yadda za ta isar da ita."

Ka bi kwatancen a hankali. Duk inda waƙafi yake ka cire shi, ka sa wata alama a gaba, sannan lambar da ke tsaya masa, 2 da C. Baka biyun ma ka ba kowanne tasa lambar. Ka ce idan kwamfuta ta ga alamar nan za ta gane abin da ke biye cikin adireshi yake, ba umarni ba ne. Kafin la'asar firinta ta bayyana a kwamfutocin uku, da kwatancena cif, waƙafi ya koma waƙafi, har da "ba gidan mai koko ba". Ka tsaya sai da takardar farko ta fito da ɗuminta, ka miƙa mini. Ruwa kawai ka sha.

Yau shagon yana nan, Bahijja ta ɗauki mata biyu aiki, kuma ita za ta buga wannan rubutun. Shekara uku ka rufa mini asiri. Abdulmalik, ga shi ka karanta da idonka: uwarka ce ta ɓatar da firintar, sai ka zo ka kwashe ni ka sa yadi.

Mikail, na gode. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya rufa maka asiri ranar tsayuwa yadda ka rufa wa wata tsohuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zuhra, da mahaifinka Alhaji Abdussalam, da matarka Hassana da 'ya'yanku Nusaiba da Yasir. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya kyautata namu zuwan. Amin.

Amsar tambayar kuwa, alamar nan ce da Mikail ya sa, ɗan kara mai jingina da baya (\), wanda ake sa wa lambar waƙafi a gaba don na'ura ta bar waƙafin ya wuce. Idan adireshin ya fito a kwamfuta ba a ganin sa.