Alkakin Alhamis

Bayan haihuwata ta huɗu jikina ya ƙi komawa yadda yake. Da farko ban damu ba, don a cikin birnin Zariya ba a yi wa mace jajen ƙiba, barka ake yi mata. Duk gidan sunan da na shiga sai a ce, "Lallai Malam ya iya kiwo!" Ni ma in yi dariya in gyara mayafi. Amma zobena ya daina fita sai da sabulu, kuma matakalar ɗakin karatun makarantar da nake aiki a Kongo, wadda a da nake hayewa ina hira, ta koma sai na tsaya a tsakiya na dafa bango. Wata Talata, a farkon shekarun casa'in, ina jera littattafai sai jiri ya ɗebe ni. Abokan aiki suka kai ni asibiti.

Likita ya auna jinina sau biyu, sannan ya tambaya ko akwai mai hawan jini a gidanmu. Na ce mahaifina. Ciwon ne ya shanye masa ɓarin jiki, ya yi shekara biyu a kwance, mahaifiyata na juya shi, kafin Allah ya karɓi abinsa. Likita ya rubuta min magani, ya tura ni wajen wata ma'aikaciya mai kula da abincin marasa lafiya, wadda kowa ke kira Sista.

A bakinta na fara jin kalmar kalori. Ta ce shi ne ma'aunin ƙarfin da ke cikin abinci. Jiki ya ƙona wani, ya adana saura, ni kuwa rumbuna ya cika har yana zuba. Ta ba ni takarda mai shafi biyu da aka buga da tafireta, kowane abinci da lambarsa a gefe. Rabona a rana dubu ɗaya da ɗari biyar. Tuwo kamar dunƙulen hannuna, dafaffiyar shinkafa cikin gwangwanin madara, mai cokali biyu.

Na bi takardar da yatsa har ƙasa, ban ga abin da nake nema ba. Na ce, "Sista, alkaki fa?"

Ta cire tabarau ta dube ni tana dariya. "Hajiya, ni ban hana ki komai ba. In kina son shi da la'asar, ki rage wani abu da safe, ki rage da dare. Amma ƙarami, guda ɗaya, kuma ki rubuta gaskiya a littafinki." Ta ɗauki biro ta ƙara shi a ƙasan takardar da hannunta.

Ba a banza na yi tambayar ba. Mahaifiyata, Inna, sana'arta ke nan a gidanmu na Ƙofar Jatau: alkaki, nakiya da dubulan na garar amare. Alkakinta ya kai tafin hannu, ta tsoma shi a zumar da take saye wajen wani tsoho da ke kawowa daga ƙauye, sai ka ɗaga shi yana ɗiga. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yaba min a gaban mutane ba. "Ke" take ce min. Amma tun ina makarantar kwana ba ta taɓa bari na fita daga gidan hannu rabbana ba, kuma tun da na yi aure a Ƙofar Gayan duk Juma'a bayan an sauko masallaci a wurinta nake yini, kwanon alkaki na jira na a ƙarƙashin faifai.

Juma'ar farko bayan asibiti na je da shirina. Na sha shayi ba sukari, ban ci burodi ba, na bar wa alkaki ɗaya gurbinsa. Na ci ɗaya. Inna ta turo kwanon da yatsa, ta ce, "Wannan ai ɗanɗano ne." Na ci na biyu don kada ta ji babu daɗi. Na uku da na huɗu kuwa babu wanda ya sa ni. Da na koma gida na buɗe ɗan littafin da nake rubuta abin da na ci, na daɗe riƙe da biro, sannan na rubuta: alkaki ɗaya.

Mako na biyu ma haka. Sikelin da Malam, maigidana, ya sayo min a Sabon Gari ya tsaya cak. Na gane a gaban kwanon Inna ba ni da linzami, ita kuma ba ta san wani abu wai shi guda ɗaya ba. Juma'a ta uku da ta ɗaga faifan sai na ji bakina ya ce, "Inna, likita ya hana. Ya ce ko kusa da shi kada in je."

Ta tsaya da faifan a hannu. "Har ya kai haka?"

Na ce, "Haka dai ya ce."

Ta mayar da faifan, ta ɗauke kwanon ta kai ɗaka. Ni kuwa har da ajiyar zuciya, ina ganin na huta.

A bakin ƙofar makaranta a Kongo akwai wata mata da ke zama ƙarƙashin bishiyar maina da akwatin gilashi. Alkakinta ƙanana ne, duk kai ɗaya kamar an buga su da inji, daidai irin wanda Sista ta rubuta min lambarsa. Bai kama ƙafar na Inna ba, amma ana iya ƙirga shi, kuma matar ba ta cewa a ƙara. Na mayar da Alhamis ranarsa. Tun daga safe nake tanadi: koko rabin kofi, rana kwaɗon rama ba ƙuli da yawa, dare in yanke tuwona biyu. In na tashi aiki in sauka daga bas tun kafin unguwarmu in ƙarasa a ƙafa. Bayan la'asar, yara sun fita wasa, gida ya yi tsit, sai in ɗora shi a ɗan faranti in yanka huɗu da wuƙa, in ci a hankali da ruwan shayi. Duk mako wannan sa'ar nake jira.

Dabarar ta yi aiki. Cikin wata uku zanina ya fara zagayowa yana rara, jinina ya sauka, Sista har nuna littafina take yi wa wasu mata. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne gidanmu. Na lura dai ranar Juma'a babu ƙamshin suya, kaskon yana kife a jikin bango. Na lura Inna ta rame, tana yawan bin fuskata da kallo in na juya, tana tambayar ko ina jin nauyi a hannu, ko harshena na yin nauyi. Takan ba ni rubutun sha a kwalba, ta ce wani malami ne a unguwa ya yi. Ina karɓa in yi godiya. Wani lokaci maganar takan taso min har maƙogwaro, sai in ce bari dai in ƙara sauka tukuna.

Inna ba ta zuwa gidana. A shekara goma sha biyu na aurena sau biyu ta taka shi, shi ma da haihuwa. Saboda haka ran wata Alhamis da na ji sallama a tsakar gida ban kawo ita ba ce, na amsa da abu a bakina na ce a shigo. Ta ɗaga labule, lulluɓe da mayafinta na unguwa, ƙafafunta sun yi futu-futu, riƙe da langa ɗaure cikin ɗankwali. A ƙafa ta zo tun daga Ƙofar Jatau. Ina zaune a kan tabarma, faranti a gabana, yanka biyu sun rage, ga wuƙa a gefe.

Na miƙe na rasa inda zan sa hannuna. "Inna, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Zogale na dafa miki, an ce yana saukar da jini. Na ga in na bari sai gobe zai yi yami."

Ta ajiye langar. Ta sunkuya ta ɗauki yanka ɗaya, ta juya shi, ta shinshina, ta gutsuri kaɗan.

"Sukari ne zalla, ba zuma. Man ma an maimaita shi." Ta mayar da shi farantin. "Na wa ne?"

"Wata ce a Kongo."

"Tun yaushe?"

Ban iya ƙara wata ƙaryar ba. Na ce, "Duk Alhamis."

Ta gyaɗa kai, ta goge yatsunta da gefen mayafi. "Ashe ba alkaki aka hana ba. Nawa aka hana."

Ko ruwa ba ta sha ba. Na bi ta har zaure ina cewa ta tsaya in yi mata bayani, ta tsaya Malam ya dawo ya kai ta a mota. Ta ce ƙafar da ta kawo ta ba ta gaji ba.

Da Malam ya dawo daga ofis ya tarar da ni ina kuka, na faɗa masa komai. Shi ma bai san da ƙaryar da na yi mata ba. Ya ɗauka Inna ta san da alkakin Alhamis. Sai ya ce, "Kin san makon jiya ta aiko a tambaye ni ko akwai abin da likita ya gaya min da ba a gaya mata ba? Na ce babu. Na ga alama ba ta yarda ba." Ya ce gobe kada in jira a sauko masallaci.

Da hantsi na isa. Na same ta tana tsince alkama a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na fito da takardar Sista da littafina na shimfiɗa a gabanta, duk da na san boko ba karatunta ba ne. Na yi mata bayanin kalori iya yadda na iya, na gaya mata yadda na ci huɗu na rubuta ɗaya.

"Da kin ce min ɗaya za ki ci."

"Inna, ba kya yarda da ɗaya."

"To sai ki ce min mutuwa za ki yi?" Sai yanzu ta ɗago. "Da kika ce ko kusa da shi kada ki je, ai irin maganar da aka yi wa mahaifinku ke nan, wata biyu kafin ya faɗi. Wata uku ina kallon bakinki in ga ko ya fara karkacewa. Garar gida biyu na mayar, don suyar ta faɗo Juma'a, na ce kada ki zo ƙamshi ya dame ki."

Ban taɓa jin Inna ta yi min magana mai tsawon wannan ba a kan kaina. Na ce ta yafe min. Ta ce ta yafe, ta ci gaba da tsintarta. Can ta ce, "Ranar da za ki koma wurin matar asibitin nan, da ni za a je. Da kunnena nake so in ji."

Haka aka yi. Ta shiga ofishin Sista da kwanon alkaki a hannu, ta ajiye a kan tebur, ta ce, "'Yar nan, gaya min gaskiya don Allah. Wannan zai kashe ta?"

Sista ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta ɗauki ɗaya ta ɗora a ɗan sikelinta na abinci, ta ce, "Mama, ba zai kashe ta ba. Amma naki guda ɗaya ya yi uku na wanda na rubuta mata. In za ki yi mata kamar babban yatsa, ta ci ɗaya a mako, ni ba ni da magana." Ta gutsura don ta ji, sai ga shi ta cinye duka tana lasar yatsa, har ta tambayi ko Inna na karɓar aiki. Ranar ce kaɗai na ga Inna ta yi murmushi a cikin wannan al'amari.

Daga nan ta riƙa yi min nawa daban, ɗan mitsitsi, tana mita wai wannan ba alkaki ba ne, abin wasan yara ne, kuma kada in kuskura in ce wa kowa hannunta ne. Guda ɗaya take sa min a murfin kwano, ta kulle sauran a ɗaka. Na daina bi ta gaban akwatin gilashin Kongo. Nauyina ya ci gaba da sauka, wani lokaci ya hau da azumi ko biki, in sake kamawa.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Inna ba ta ƙara karɓar maganata a kan lafiyata ba har ta bar duniya. In na ce kaina na ciwo, sai ta ce to. In na ce na warke, sai ta ce to. Bayan kamar shekara biyar na yi zazzaɓi na kwana uku, na warware, na je na gaishe ta da ƙafata, na zauna muka yi hira, na ci tuwo a gabanta. Da la'asar Malam ya zo ɗaukata. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ina zaune kusa da ita, kafaɗata na gogar tata. Ta amsa, ta yi masa ya aiki, sannan ta ce, "Malam, ya jikin nata? Tsakani da Allah."