Masu Ta'aziyyar Waya

Ban san ƙwallon kwando ba sai da furfura ta fara fito mini. Malamar da ta koya mini karatu a ajin manya ita ta kai ni. Mutuniyar Filato ce, Kirista, ta daɗe a Sakkwato har bakinta ya fara juyawa irin namu. Mijinta shi ne kocin wata 'yar ƙungiya ta unguwarmu, Arkilla. Wata Asabar ta ce in raka ta, za ta kai wa 'yan wasan ruwan sanyi. Na bi ta don ina jin nauyinta. Na zauna a benci ina kallon ƙarti suna zarya da gajeren wando, na ce a raina wahala ce kawai aka sa wa suna wasa. Kafin a tashi sai ga ni tsaye, mayafi ya zame, ina yi wa alƙalin wasa faɗa a kan dokar da ban ma sani ba.

An lallasa 'yan unguwarmu ranar. An lallasa su mako na gaba ma. Ba zan yi musu kwalliya ba, ba su iya cin wasa ba. Mafi tsawonsu a kamfanin siminti na Kalambaina yake aiki, yakan iso fili da farin siminti a gira, ya gaji tun kafin a busa usur. Wani ɗan kabu-kabu ne, wani malamin firamare. Ƙarfen kwandon ɗaya ya karkace, ragar kuwa ɗinki ne a kan ɗinki. Amma na ga yadda suke faɗuwa a kan siminti su tashi ba tare da duba gwiwa ba, kuma ni mace ce da ta zauna a aji tana haɗa baƙi da wasali a shekarun da sa'o'inta ke aurar da 'ya'ya. Na gane su.

Suna da shafi a intanet, kyaftin ɗinsu ke kula da shi. Wannan shafin yana cikin abubuwan farko da na karanta a waya da idona, ba tare da na miƙa wa wani na ce karanta mini ba. Idan sun tafi wasa wani gari, nan nake zuwa in ga yadda aka tashi.

Nan kuma 'yan tsokana suka mayar wurin hira. Ba zagi suke yi ba, da zagi ne da sauƙi. Ta'aziyya suke yi. Da zarar kyaftin ya saka sakamako sai su yi layi a ƙasa: Allah ya ba da haƙurin rashi, ƙarfe nawa za a yi jana'iza, a gidan wa za a yi sadakar uku. Akwai wani mai hoton zaki a maimakon fuskarsa, shi ne limaminsu, kullum shi ke buɗewa. Tun kyaftin na saka sakamako har ya koma saka hotunan atisaye kawai, daga baya shafin ya yi tsit. 'Yan kallon da dama ba su da yawa suka janye, don ba mai so a gan shi a wurin da gari ke yi wa dariya.

Ranar wata Laraba Malama ta tsayar da ni a ƙofar aji. Ta ce maigidanta ya yanke shawara: wasan gida na Asabar shi ne gwaji na ƙarshe. In fili ya sake zama wayam, zai sallami kowa, kyaftin ya rufe shafin. Ba shan kashin ne ya karya shi ba, in ji ta, yi wa benci wasa ne.

Na koma gida na zauna da wayata a ƙofar ɗaki. Da yatsa ɗaya nake rubutu, har gobe. Na daɗe ina gogewa ina sakewa, sannan na saka wannan a ƙarƙashin hoton ƙarshe na shafin:

"Ni na yi zaman makoki na gaske, na mijina. Waɗanda suka yi mini ta'aziyya da ƙafafunsu suka zo, suka zauna a tabarma cikin zafin rana, suka dubi idona. Ku kuma kuna kwance kuna latsa waya. In ta'aziyya kuke yi, ran Asabar bayan la'asar zan shimfiɗa tabarmi a bakin fili. Ku zo ku yi ta a gabansu. In ba za ku iya ba, ku bar wasa da mutuwa."

Sai aka yo kaina. Wani ya ce tsohuwa ta samu data. Mai hoton zaki ya tsince kurakuran rubutuna ɗaya bayan ɗaya, ya ce Inna a koma makaranta. Na ba shi amsa cewa ina can, Litinin da Laraba, kuma akwai wuri kusa da ni in yana so. Wannan amsar mutane suka yi ta turawa juna har ta dawo mini ta wayar ƙanwata da ke Ƙofar Kware, tana tambaya ko na haukace.

Ran Asabar na bi maƙwabta na aro tabarmi, na loda su a keke-napep tare da kular ruwa. Da koci ya ga ina shimfiɗawa sai ya dafe kai.

"Mama, in ba su zo ba fa? Kin ƙara mana abin dariya."

"In ba su zo ba ni da Malama mu kwanta a kai," na ce masa. "Kai dai je ka ji da mutanenka."

Aka fara ɗumama jiki tabarmin nan babu kowa sai takalmina da na danne gefe da shi don iska. Can sai ga samari a kan babura, bibbiyu, suna dariya tun daga nesa, wayoyi a sama. Don kallon tsohuwar suka zo, na sani. Na nuna musu tabarma na ce a cire takalmi. Suka cire. Wasu matan ajinmu suka iso, sai wasu daga cocin su Malama, har tabarmi suka kasa.

Wani mutum mai tumbi da tef ɗin awo a wuya ya durƙusa ya gaishe ni. Tela ne, ya ba arba'in baya.

"Inna, ni na mai zakin."

Na dube shi sama da ƙasa. "Kai? To ga su can. Tashi ka yi musu ta'aziyyar."

Ya sosa ƙeya ya ce bari dai a taɓa wasan tukuna. Na zuba masa ruwa.

Ban taɓa ganin mutanenmu sun yi wasa irin na ranar ba. Ba wai sun iya ba ne dare ɗaya, ƙwallo ta yi ta kuɓuce musu kamar kullum. Amma duk wanda ya waiwaya sai ya ga idanu. Da dogon Kalambaina ya tashi sama ya doke wata ƙwallo da ke shirin faɗawa kwandonmu, samarin da suka zo dariya su suka fara miƙewa. Telan nan kuwa har cikin fili ya so ya shiga, yana rantsuwa alƙali ya ci amanarmu, sai da na jawo shi ta riga.

Da kwando ɗaya aka ci mu. Aka busa usur. Ba wanda ya ce Allah ya ba da haƙuri. Tela ya tsaya yana huci, ya ce wa dogon da ya riƙa tsayawa ƙarƙashin kwando da ba a yi mana haka ba, wa ya aike shi gefe.

Koci ya tara mutanensa, ni ina naɗe tabarma kusa da su ina kasa kunne. Ya ce atisaye ran Talata, wanda ya makara zai zagaya fili.

Na tare kyaftin kafin ya hau babur, na ce ya fito da waya.

"Mi zan rubuta, Inna? An dai ci mu."

"Shi za ka rubuta. Da makinsu da namu, kada ka rage ko ɗaya."

Ya rubuta a gabana, na karanta da kaina kafin ya tura. Wanda ya fara magana a ƙasa mai hoton zaki ne, da dogon ƙorafi a kan tsaron gida da kuma karkataccen ƙarfen nan, wai ya san mai walda. Na rubuta masa cewa ya kawo shi ran Talata, kuma ya zo da tabarmarsa, don na maƙwabta zan mayar.