Ranar da Baba Ya Fita Gayyatar Maza

Babanmu kafinta ne, kuma ɗan gayu na ƙarshe. Ko garin katako zai share sai ya fesa turare. Ga baki: mai kujera zai zo da faɗa an ɓata masa lokaci, ya koma gida yana dariya, ba kujerar. Asibiti kuwa ko ta ƙofarsa ba ya bi. In Mama ta ce ya je a auna jininsa, sai ya ce shi da likita sai gaisuwa.

Wata safiya ya faɗi da zarto a hannu. Hawan jini ne. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, shi kuma ya kulle kansa a ɗaki. Abokai su zo dubiya ya juya wa bango fuska, mu yi ta ƙaryar barci yake. Wannan ɓuyan ya fi ciwon ci mini rai.

Malamar asibitin da ke zuwa motsa masa hannu ce ta yi ƙorafi wata rana, da Mama ma take. Ta ce ranar Asabar za su yi awon jini kyauta a harabar makaranta, sun manna takardu har sun gaji, amma ta san ƙarshen zancen: mata za su cika wuri, maza kuwa kowa lafiyarsa ƙalau.

Washegari Baba ya ce in goge masa farar rigarsa. Sai da na sa ya maimaita.

Layin shaguna muka bi, yana jan ƙafa, ina riƙe da shi. Na buɗe baki zan yi wa mutane bayanin awon a madadinsa, ya galla mini harara, na ja bakina. Ya tsaya wajen tela, ya tsaya wajen mai gyaran babur, yana gayyatarsu awon Asabar, kalma na fita da ƙyar, yawu na zuba yana gogewa. Mai walda, abokin tsokanarsa tun suna samari, ya sunkuyar da kai.

"Ɗago ka dube ni da kyau," in ji Baba. "Ni ma ƙalau nake cewa."

Ranar Asabar layin maza har bakin titi, wasu da baƙin mai a riga. Baba na zaune kan benci a ƙofa, duk wanda ya zo sai ya miƙa masa hannunsa mai lafiyar. Ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba, har da hawayena.

Mai walda ya daɗe a ciki. Ya fito jiki a sanyaye, riƙe da magani, ya zauna kusa da Baba ya ce wai jininsa ya hau sosai, malama ta ce ya zo a kan gaɓa.

"Har a ciwon ma," in ji Baba, "sai ka yi gasa da ni."

Ya yi dariya da karkataccen bakinsa a gaban kowa, bai sa hannu ya rufe ba.