Yadda Muka Naɗi Sautin Burtalin Mambila

A shekarun da nake aikin haɗa sauti a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, a Lanham muke zaune, ni da maiɗakina da 'yarmu. Yarinyar tana karatun tsirrai da dabbobi a jami'ar da ke College Park. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa.

Yayana kuwa yana can tsaunin Mambila da shanun da mahaifinmu ya bari. Duk rani sai ya gangara da su kwari ta burtalin da kakanninmu suka bi. Wata Lahadi ya kira ni, ina jin kukan gauraka a bayansa, sai na ƙara muryar wayar don 'yata ta ji. A nan ya shaida mini cewa wani mai babbar gona zai kafa shinge ya haɗa da mashayar da ke tsakiyar hanya, wai daji ne da babu wanda ke bi.

'Yar tawa ce ta kawo dabarar. Ta ce mu aika wa baffanta rikoda da waya mai nuna inda mutum yake tsaye, duk inda suka ya da zango ya naɗi abin da kunne ke ji, ya faɗi sunan wurin da irin ciyawarsa. Na saye su a wani shago a Wheaton, wani ɗan garinmu mai tafiya gida ya kai masa.

Naɗin farko iska ce zalla. Na ce ya zura rikodar cikin safa, ya juya wa iskar baya. Daga nan abu ya kankama. Makiyayan wasu rugage suka shigo, matansu suka riƙa faɗin sunayen ganyen magani da inda yake tsirowa. Matafiya na kawo mana sautin, ina tacewa idan na taso aiki, ita tana ɗora kowanne a gurbinsa a kan taswira. Ka taɓa wuri ka ji carki a bayan saniya, ka matsa gaba ka ji kwaɗi a fadama, ko gwaggon biri yana haushi daga dutse. Wani tsuntsu ya shige mata duhu, ta kira baffan da kanta. Ina kicin ina jin ta tana lalubo Hausa, har suka gano shi tare.

Da rani ya zagayo hakimi ya kira zama kan maganar shingen, muka tura taswirar a wayar yayana. Ardon makiyayan ya riƙe wayar aka bi taswirar zango bayan zango, kowane makiyayi yana gane muryarsa da ta garkensa. Mai gonar ya saurara har ƙarshe, ya yarda ya ja shingensa baya.

Ina kan hanyar aiki yayana ya kira. Ya ce, "An bar mana mashaya. Gobe can za mu shayar." Sai da na faka mota a gefen titi, na kira gida na shaida musu.

Ranar Asabar maiɗakina ta yi waina da miyan taushe, gidan ya cika da maƙwabta, muka yi ta kunna musu taswirar. Wani dattijo ɗan Nijar da muke aiki tare ya daɗe zaune gaban kwamfutar, sannan ya tambayi 'yata ko za a iya yi wa danginsa masu kiwon awaki a duwatsun Ayar da ke arewacin ƙasarsu irin wannan. Ta ce masa me zai hana, ta jawo kujera ta fara tambayar sa ta inda suke hawa.